Kujera ta Shida

Talata Mafara, ranar Laraba

Assalamu alaikum. Zuwa ga ƙanwata Kaltumi, a Damaga.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam Audu, da surukarki Inna, da yara. Yaya damina, yaya aikin gona? Mu nan sai godiya. Da akwai sabis a wajenku da na kira ki. Tunda babu, na ba Barau direba wannan takarda, don gara ki ji daga gare ni da ki ji a bakin 'yan kasuwa, su da ba sa kai labari sai sun ƙara masa gishiri.

Mun yi ɗan tsautsayi ranar Lahadi. Suna muka je Damri, gidan ƙanwar Baban Ishaq. Muna dawowa da la'asar, mun ɗan wuce Bakura, an yi ruwa titi ya jiƙe, sai ga awaki sun tsallako. Ya taka birki, motar ta zame, ta gangara gefe ta daki bakin kwalbati. Ba gudu yake yi ba. Kin san motar, ko shi ya so gudu ita ba za ta yarda ba.

Duka mun fito da ƙafafunmu. Ishaq ya kuje a gwiwa. Nazir ya ciji harshensa. Kamalu barci yake, sai da aka fito da shi ya tambaya ko an iso gida. Baban Ishaq sitiyari ya bugar masa ƙirji, yana shafa man zafi, washegari ma ya fita kara wajen shanunsa. Kular tuwon sunan da aka ba mu ce ta fi kowa jin jiki, miya har rufin mota.

Mutane suna ta zuwa jaje. Su ce Allah ya kiyaye gaba, in ce amin. Na faɗa har bakina ya iya shi kaɗai ba sai na sa shi ba. Na yi wainar sadaka na raba wa yaran unguwa. Ban ji tsoro ba a wurin, ban yi kuka ba, har yau kuma ban ji komai ba. Kin san yadda ƙafa take yi in an daɗe zaune a kanta? Haka nake gaba ɗaya.

Motar tana wajen makaniki. Ya ce gyaranta ya fi ta, don haka Baban Ishaq ya fara zancen wata. Labarin ke nan. Kada ki tayar da hankalinki.

Yayarki,
Taiba

Damaga, ranar Asabar

Wa alaikumus salam, Yaya Taiba.

Takardarki ta iso, mun gode Allah da abin ya tsaya iya nan. Sannunku, sannu ƙwarai. Yaya ƙirjin Baban Ishaq? Yaya gwiwar Ishaq da harshen Nazir? Allah ya kiyaye gaba, ya sa iyakar wahalar ke nan. Mu muna lafiya. Gero ya fara fitar da kai, Malam kullum yana gona. Ƙaramin ya yi zazzaɓi amma ya sauka.

Kin san gidan nan, takarda ba ta shigowa a karanta ta a ɗaka. A tsakar gida na karanta, Inna tana kan tabarma tana tsinke zogale. Da na kai wajen kular tuwo ta yi dariya, ta ce, "Wagga Taiba ko a kabari sai ta ba mutane dariya." Sannan ta ce in ce miki tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Na ga kin lissafo maza uku da sunayensu, har da Ishaq, ke da kike kiran ɗan farinki gatsal kamar ba a gidan Hausawa aka haife ki ba. Na karanta, na koma ɗaki na sake karantawa. Ba ni da tambaya a kan wadda na ba ki tun ranar yaye. Ɗiyarki ce. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, kika ce Allah bai ba ki mace ba, na ɗauka na ba ki, magana ta ƙare. Kuma ɗiyar fari ba a kiran sunanta, ba a tambayarta, ban taɓa yi ba, ba yau zan fara ba.

Mota nake tambaya. Ta wane gefe ta daki kwalbatin, gefen direba ko ɗayan? Gilashi ya fashe? Wa ya zauna ina? Ni ban san komai a kan mota ba ban da ta Barau, amma tunda za a sayi wata, ina ganin ya kamata a san inda tsohuwar ta gaza. Ki rubuto mini dalla-dalla, wurin zama bayan wurin zama.

Ga man shanu nan a ƙaramin kwano, na jiya ne. A shafa wa duk wanda ke da kumburi. Ga kuka da daddawa kuma.

Ƙanwarki,
Kaltumi

Damaga, ranar Juma'a

Yaya Taiba, sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya.

Barau ya daɗe bai shiga Mafara ba saboda yanayin hanya, da ya shiga kuma ya dawo hannu sake. Ya ce ya miƙa saƙona a ƙofar gida, Ishaq ne ya karɓa, bai ga kowa ba ban da shi. Ban tambaye shi komai ba.

An fara yankan gero. Ina fita, ina dawowa, ina dafa abinci. Inna ta ce kwana biyu ba na jin kira sai an maimaita.

Zancen motar dai. Ko a takardar sabulu ne ki rubuto.

Kaltumi

Talata Mafara, ranar Litinin

Assalamu alaikum, Kaltumi. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Malam Audu. Yaya kaka? Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Ki yi haƙuri da shiruna. Takardunki biyu suna ƙarƙashin filo, kullum in ce yau zan amsa, in ɗauki biro in zauna, sai in ji kiran salla. Lafiyarmu ƙalau. Man shanun ya yi amfani, an gode.

Kin tambayi mota. Ta gefena ta daka. Gilashin gaba ya tsage, shi ma ta gefena. Shi yana tuƙi, ni ina gaba, maza uku suna baya da kuloli da ƙafar saniyar da aka ba mu. Shekaranjiya na bi ta gaban garejin zan raka wata maƙwabciya awo asibiti, na gan ta an cire mata tayoyi, kaji suna kwance a ƙarƙashinta. Na tsaya na dube ta, na wuce.

Baban Ishaq ya kai ni wajen dillalan motoci na kusa da tasha, wai in zaɓa. Uku ya nuna mini. Ta farko a-kori-kura ce, ita ransa yake so, don ya riƙa ɗaukar nama da raguna zuwa Bakura da Ruwan Gizo, yara kuma su hau baya su sha iska. Su Nazir har sun fara murna. Ta biyu doguwa ce mai kujera bakwai, kowace kujera da bel ɗinta. Ya zagaya ta ya ce, "Wagga ai ta 'yan haya ce. In na hito da ita kowa tsai da ni zai yi shina tambaya ko saura mutum guda. Ga shan mai." Ta uku ƙarama ce irin tsohuwar, sai dai ta fi ta ƙuruciya.

Dillalin yana ta buɗe ƙofofi yana rufewa don in ji ƙararsu. Ya ce Hajiya wacce ta kwanta miki? Na ce duk ɗaya. Da gaske nake, da amalanke suka nuna mini haka zan ce.

A hanyar gida Baban Ishaq ya ce ya haƙura da a-kori-kurar, ƙaramar zai ɗauka. Ya ce, "Kujera biyat ta ishe mu." Na ƙirga, ni da shi da maza uku, na ga biyar ɗin ce, na ce to. Sai bayan kasuwar Talata ta mako mai zuwa za a yi ciniki, in ya sayar da bijimai biyu.

Na zuba gishiri sau biyu a miyar jiya. Ki gaida yara.

Taiba

Damaga, ranar Alhamis

Yaya Taiba, assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Wannan ban karanta ta a tsakar gida ba. Na ce wa Inna zancen mota ne kawai, kuma ban yi ƙarya ba.

Ni ma na ƙirga. Ke, da Baban Ishaq, da Ishaq, da Nazir, da Kamalu. Na ƙirga da yatsu, hannu ɗaya ya ishe ni. Da can in na ƙirga gidanki sai na ari yatsa a ɗaya hannun.

Yaya, kin tuna ranar da Babana ya rasu? Aiko mini aka yi cewa jikinsa ya ɗan matsa, in zo in duba shi. Na tsaya har na dama masa fura. Na iso Maradun da ƙwarya a hannu na tarar an dawo daga maƙabarta. Haka muke yi, na sani, ni ma na yi wa wasu. Don haka in an ce mini duka lafiya, ina amsawa da alhamdu lillahi, sannan in jira sauran.

Kin ce ta gefenki ta daka. Kin ce gilashi ya tsage ta gefenki, ke kuma ba ki ce kin ji ciwo ba. Kin ce man shanu ya yi amfani, ba ki ce a jikin wa ba. Yanzu kin ce biyar.

In Mai abu ya karɓi abinsa, kada ki rubuto mini. Ki sa Baban Ishaq ya aiko wa Malam, shi zai san yadda zai gaya wa Inna, Inna ta gaya mini. Ba zan yi miki kuka a gida ba, ba zan tambaye ki yadda aka yi ba. Abin da na bayar na bayar.

Ban yi kuka ba a nan ma. Jiya na surfa gero, na wanke, na shanya, da yamma Inna ta same ni ina sake surfa shi. Ta karɓe taɓaryar daga hannuna.

Kaltumi

Talata Mafara, ranar Asabar

Kaltumi, ƙanwata.

Tana nan da ranta. Tana nan lafiya. Yanzu haka tana tsakar gida tana faɗa da Kamalu a kan murfin kwalba. Na fara da wannan kafin gaisuwa, Inna ta yafe mini. Na roƙi Barau ya juya yau ɗin nan ko da rabin fasinja ne.

Innalillahi, Kaltumi, me na yi miki? Biyar ɗin kujeru ne. Mufida ba ta taɓa samun kujera ba a motar nan. Tun ranar da na ɗauko ta daga Damaga tana kukan nono, a cinyata ta zo Mafara, a cinyata kuma ta girma. In an sa ta baya amai take yi, mazan kuma su matse ta. Ta shiga shekara bakwai, ƙafafunta har suna taɓa ƙasa, amma in za a fita ba wanda ke tunani, ni in zauna ita ta hau. Baban Ishaq bai cire ta a lissafi ba. Ni da ita mutum ɗaya yake ƙirga mu.

Ran nan ma tana cinyata. Na rungume ta da hannu biyu, tana ba ni labarin amaryar da ta gani. Da motar ta daki kwalbatin, hannuwana suka buɗe. Ban sake ta ba, wallahi ban sake ta ba, buɗewa suka yi kamar ba nawa ba. Goshinta ne ya tsaga gilashin. Ta yi ƙulu kamar ƙwan zabo, haƙorinta na gaba, wanda dama yake girgiɗi, ya fita. An duba ta a asibiti, har hoton kai aka yi, suka ce ba komai. Man shanunki a goshinta ya ƙare, kumburin ya saɓe, ko tabo babu.

Ita har ta mayar da abin wasa. Damuwarta ɗaya, su Nazir sun ce mata in ƙadangare ya ga wawulonta haƙori ba zai sake fitowa ba, don haka in za ta wuce jikin katanga sai ta toshe baki da hannu.

Ni ce ban warke ba. Duk lokacin da na zo rubuta sunanta sai in ga hannuwan nan a buɗe. Da kika ce ba ita kike tambaya ba, na san ƙarya kike yi, na fi kowa sanin ki, amma na laɓe a bayan kunyarki na amsa miki zancen mota. Tun ranar ban ɗauke ta ba. In ta zo za ta hau cinyata sai in ce ina da aiki.

Amana kika ba ni, na riƙe ta da abin da nake da shi, abin bai riƙe ba. In kina son abarki, ki faɗa wa Barau kalma ɗaya, zan haɗa mata kayanta. Ba zan ga laifinki ba, dangi ma ba wanda zai gani.

Ina gaida kowa.

Taiba

Damaga, ranar Lahadi

Assalamu alaikum, Yaya Taiba. Muna lafiya, yau kam da gaske.

Barau ya iso ana kiran magariba. Na karanta layin farko a zaure, na zauna a ƙasa a wurin. Inna ta fito ta ce, "Mi ya hwaru?" Na miƙa mata takardar, na manta ba ta karatun boko. Sai na karanta mata duka, ban tsallake komai ba. Da na zo kan sunan na tsaya. Ta ce, "Hwaɗi mana, ba kowa nan sai ni da Allah." Ban iya ba, na ce ɗiyar Taiba, na wuce.

Zancen haɗa kaya, kada in sake ji. Ni ba na amai in lashe. Kina tsammani da a cinyata take, nawa hannuwan na ƙarfe ne? Na tambayi Barau, tunda shi ya tsufa a kan hanya. Ya ce ko ɗan dambe ne ba ya riƙe yaro in mota ta yi karo, shi buhun gero ma ya ga ya tashi daga baya ya zo gaba. Hannunki bai ci amana ba, Yaya. An ba shi aikin da ba nasa ba ne.

Yanzu ga maganata, ni da ban taɓa sa baki a sha'anin gidanki ba. Ki ce wa Baban Ishaq ƙanwarsa ta ƙauye tana gaishe shi, tana kuma roƙonsa ya sake ƙirga gidansa. Ku shida ne. Ya sayi doguwar. In mutane sun tsayar da shi a hanya suna tambayar saura mutum nawa, ya ce musu ta cika. In mai take sha, ya rage zuwa gaisuwar surukai. A ba yarinya kujerarta, a ɗaure ta da bel ɗin, in ta yi amai a wanke. A gida kuma ki ɗauke ta a cinya, tabarma ba ta karo da kwalbati.

Shekara bakwai ban kira ba, ban rubuta ba. Kwanakin nan na gane da labarin ya zo yadda na zata, da an binne ta ban taɓa faɗa ba ko sau ɗaya. Bakina har yanzu ya ƙi. Bari in gwada da biro.

Mufida.

Ki gaishe mini da Mufida.

Kaltumi

Talata Mafara, ranar Laraba

Wa alaikumus salam, Kaltumi. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. A gaida Inna da kyau.

An sayi doguwar jiya bayan an tashi kasuwa. Na karanta wa Baban Ishaq saƙonki yana cin tuwo. Ya ajiye lomar, ya ƙirga da yatsunsa, ya daɗe yana kallon babban yatsan ɗaya hannun. Da safe ya fita wajen dillali. Tun daga tasha zuwa gida mutum uku suka tsayar da shi, ya shigo yana ta mita.

Da yamma ya zagaya da mu gari don a gwada. Na sa ta a kujerar bayana, na ja bel ɗin na ɗaure ta da kaina. Ta yi fushi, ta ce an kore ta. Ni kuma na zauna a gaba ban san inda zan ajiye hannuwana ba, sai na riƙe jaka. Ba ta yi amai ba. In hanya ta yi kyau bayan an gama kaka, tafiyar farko Damaga za mu yi, ki tanadi fura.

Bayan mun dawo na zauna a tabarma na kira ta, ta hau cinyata. Ta yi nauyi, ban sani ba. Na nuna mata ƙarshen takardarki, ke da take kira Innar Damaga, tunda ta fara haɗa baƙi a makaranta, na ce ta karanta mini. Ta bi da yatsa a hankali, ɗayan hannun yana kan bakinta saboda ƙadangaren da ke kan katanga. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Mama, ashe Innar Damaga ta san sunana?"

A nan ne kukan ya zo mini, Kaltumi. Har yanzu bai tsaya ba, ki yi haƙuri da yadda takardar ta jiƙe.

Yayarki,
Taiba